Ƙafar Babur a Cikin Buhu

Akwai wani mutum a Faskari, cikin shekarun alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai, ana ce masa Malam Zailani. Malamin gona ne na En'e, wato hukumar gargajiya ta wancan lokaci. Shi ke zagaya ƙauyuka yana rabon irin auduga, yana duba gonaki, yana yi wa manoma faɗa in ya tarar sun yi shuka ba bisa layi ba.

A wancan zamani wanda ya mallaki keke ma nuna shi ake yi da baki. To shi Zailani babur gare shi, baƙi ƙirin, mai nauyin tsiya. Wani Baturen gona ne da ya gama aiki zai koma ƙasarsu ya sayar masa. In ya tayar da shi da safe, kajin unguwa kaf sai sun watse.

Abu ɗaya ne ya rage wa babur ɗin: ba shi da ƙafar da ake kafe shi a kai. Baturen ne ya kwance ta da hannunsa, wai tana karo da kunyoyin gona da duwatsu in ya shiga hanyar daji. Amma bai yar da ita ba. Ya haɗa ta da notinta da sifirin ɗinta cikin wani ɗan buhu ya miƙa wa Zailani, ya ce ya mayar duk ranar da ya ga dama.

Zailani ya kawo buhun gida ya tura ƙarƙashin gado. Babur kuwa sai dai a jingina shi da bango ko da itace. In babu, mai shi ya zauna a kai ya dogara ƙafafunsa a ƙasa, don in ya sake shi ya faɗi, mutum ɗaya ba ya iya ta da shi.

Zailani ba haifaffen Faskari ba ne, ɗan Tafoki ne. Mahaifinsa ya rasu tun bai yi wayo ba, sai wan mahaifin, Baba Rabo, ya ɗauke shi. Shi ya ci da shi, shi ya tufatar da shi. Da aka sa yaron makarantar boko a nesa da gida, Baba Rabo ne yake ɗaura gari da ƙuli-ƙuli a ka, ya taka da ƙafa ya kai masa, ya juyo a ranar don kada gona ta kwana ba a duba ba.

Yanzu tsufa ya kama shi, ya bar noma. Kullum da hantsi akan shimfiɗa masa buzu a gindin wata tsamiya da ke bakin hanya, shi da 'yan uwansa dattawa, su yi ta hira har azahar. Hanyar nan kuwa ita Zailani yake bi duk lokacin da aiki ya kai shi Mairuwa.

Kun san al'adarmu. Ƙarami ba ya wuce babba a kan abin hawa. Ko doki ne, ko jaki, ko keke, tun daga nesa za ka sauka, ka tuɓe takalmi, ka je ka durƙusa ka gaishe shi, sai ya sallame ka sannan ka hau. Balle a ce wanda ya rene ka ne zaune a wurin.

Lokacin da Zailani yake kan keke yana yin haka, ko da yake ransa ba ya so. Dalili kuwa, Baba Rabo bai taɓa kiransa Malam Zailani ba. Ran Litinin aka haife shi, saboda haka a bakin tsohon har gobe shi Ɗanliti ne. Manoman da jiya suka durƙusa suna ce masa ranka ya daɗe, su ne yau za su gan shi tsugune cikin ƙura, da farin wandonsa, yana fama da igiyar takalmi sau-ciki, ana ce masa Ɗanliti, ana miƙa masa fura a ƙwarya. Wannan abu yana cinsa ƙwarai.

Da babur ya samu sai ya samu mafita. In ya doso tsamiyar sai ya rage gudu, ya danna hon, ya ɗaga hannu ya yi jinjina, ya wuce abinsa. A ransa yana cewa, ai kowa ya san babur ɗin ba shi da ƙafa, wurin kuma yashi ne, ga dattawa sun kewaye gindin itacen, ina zan jingina shi?

Abin mamaki, a ƙofar gidan hakimi bai taɓa rasa bangon jingina ba. In Bature ya zo rangadi ma haka. Tsamiyar Tafoki kaɗai ce Allah bai hore mata wurin ajiye babur ba.

Wata rana matarsa Saudatu ta je Tafoki suna. Da ta dawo, bayan ya ci abinci ya sha ruwa, sai ta zauna gefe ta ce, "Malam, Baba na gaishe ka. Ya ce don Allah in ka zo wucewa ka tsaya shi gan ka."

"Ai yana ganina. Ko shekaranjiya na wuce na gaishe su."

"Ba irin wannan gani ba. Idonshi na raguwa, Malam. Sai da na matsa dab da shi sannan ya gane ni. Ya ce shina so shi kalli huskarka da kyau tun Allah bai karɓe sauran ba."

Maganar ta taɓa Zailani, ba za a ce ba ta taɓa shi ba. Amma sai ya tuna da ƙurar nan da sunan nan, ya gyara zama ya ce, "Tsufa ne, kowane tsoho haka yake cewa. To ni ya zan yi? Babur ba ƙafa. In sake shi ya faɗi a yashi?"

Saudatu ta dubi ƙarƙashin gado, ta dube shi. "Ƙahwar ba ga ta nan cikin buhu ba? Kullum sai na ɗaga ta in yi shara."

"Ke kina tsammani ɗaura zane ne? Aikin makaniki ne, sai an natsu. Bari a gama rabon iri."

Aka gama rabon iri. Ya ce bari a gama shuka. Aka gama shuka, ya ce ai yanzu damina ta yi ƙarfi, bari ruwa ya ɗan tsagaita. Saudatu ta sake tuna masa, ya daka mata tsawa, daga nan ta kama bakinta. Sai dai duk ranar da ya ce Mairuwa za shi, takan bi shi da ido har zaure, shi kuwa ya yi kamar bai gani ba.

Ba kuma cewa ba ya iya zuwa musamman ba. Yana iya shiga garin ya jingina babur da katangar gidan da ya tashi a ciki. Amma mutum in ya samu uzurin da ya yi masa daɗi, ba ya so a taɓa masa shi.

Ana nan, tsakiyar damina, aiki ya kai shi Sabuwa ranar kasuwa. An kwana ana ruwa. Ya jingina babur da wata katangar ƙasa da ta sha ruwa ta ƙoshi, ya hau kan wani dutse ya fara yi wa manoma bayanin ciyawa da tsutsar auduga, yana kaɗa yatsa.

Yana tsakiyar magana katanga ta zabge. Babur ya sulale ya kwanta cikin taɓo, tayoyi a sama, fetur yana tsiyaya. Kasuwa ta kwashe da dariya. Zailani ya duro ya kama kan babur ya ja, ya ja, ko gezau. Santsi ya kwashe shi ya zauna daɓas cikin caɓi. Sai da wasu mahauta suka ajiye wuƙaƙensu suka zo suka ɗaga masa, ɗaya daga cikinsu yana cewa, "Ranka shi daɗe, dokin naka bacci ya ji?"

Ya dawo Faskari ransa a ɓace, farin wando ya koma ja. Ko zama bai yi ba ya ce wa Saudatu, "Fito mini da buhun nan. Gobe ba ni da fita, zan ɗaura ƙafar."

Saudatu ta jawo buhu ta kakkaɓe masa yanar gizo. Ni kam abin nan yana ba ni haushi duk lokacin da na tuna: abin da roƙon tsoho bai sa shi yi ba tun rani, dariyar 'yan kasuwa ta sa shi yi a kwana ɗaya.

Da safe ya turo babur daga zaure zuwa filin da ke tsakanin zaure da cikin gida. Ya zazzage buhu a kan tabarma. Ga ƙafar, ƙarfe mai reshe biyu, ta yi tsatsa. Ga dogon notin da zai ratsa ta ya riƙe ta a jikin babur. Ga kuma sifirin, gajere mai kauri, wanda zai riƙa ɗage ta sama in ana tafiya don kada ta ja ƙasa.

Nan take ya ga aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Dole ya kwanta ƙarƙashin babur, dole kuma wani ya riƙe shi a tsaye. Yana cikin wannan tunani sai ya ji sallama a zaure.

Gide ne, ɗan gwaggonsa, wato taubashinsa. Tare suka yi wasan ƙasa a Tafoki. Gide falke ne, ya daɗe a wajen Ƙanƙara da Ƙetare da jakunansa, yanzu yana kan hanyar komawa gida ya ce bari ya biyo ya sha ruwa. Tsakanin taubasai kuwa babu ranka ya daɗe, abin da ke bakin mutum shi yake faɗa.

"A'a! Yau Bature ya koma maƙeri?" in ji Gide.

"Allah ne ya kawo ka. Ajiye sandar nan ka riƙe mini."

Saudatu ta gangaro da turmi daga cikin gida, suka kwantar da shi suka tura ƙarƙashin inji don ya ɗauki rabin nauyin. Gide ya tsaya ya ware ƙafafu ya kama kan babur da hannu biyu. Zailani ya tuɓe riga ya kwanta rigingine a kan tabarma ya shige ƙasa.

Ramukan da notin zai shiga duk sun toshe da busasshen laka. Ya sa ƙusa yana ƙwaƙulewa, ƙasa tana zubo masa a ido. Ya wanke da kananzir, ya goge tsatsar notin da tsumma da toka, ya shafa masa man gyaɗa tunda babu giris a gidan. Sannan ya ɗaga ƙafar ya saita ramukanta da na babur, ya fara tura noti. Ya shiga rabi ya cije.

"Karkato shi wajenka kaɗan," in ji Zailani. "Kaɗan na ce, so kake ka kashe ni?"

"In na kashe ka wa za shi riƙa yi mamu hon a Tafoki?"

Zailani ya ɗauki guduma ya ɗan bubbuga kan notin har ya wuce, ya ɗaure shi da sufana. Gide ya leƙo ta saman tanki ya dube shi, murmushin da ke fuskarsa ya ɗauke.

"Ɗanliti, yau dai Allah ya kwantar mani da kai. Ba ka iya danna hon ka wuce. In kau ka motsa in saki abin ga bisa ƙirjinka. Don haka saurara."

"Wace magana ce kuma?"

"Maganar Baba. Ka san mi ke hwaruwa gindin tsamiyar can duk ranar da ka wuce?"

"Ina gaishe su, suna amsawa."

"Su suna amsawa. Shi kau tun kahin ka bayyana shike jin kukan babur ɗinka, kunnenshi ya hi na kowa. Sai ka ga ya tashi zaune, ya gyara hula, ya kakkaɓe rigarshi. Shi ce a ɗauko hura, Ɗanliti na tahe. In ka rage gudu har yunƙurawa shike kamar za shi miƙe. Sai kukan shi ƙaru, shi yi nisa. Sannan shi juyo shi tambayi na kusa da shi, ya ɗaga hannu? A ce mashi ya ɗaga. Sai shi ma shi ɗaga nashi. Kai ka kusa Mairuwa, shi hannunshi na sama, wani lokacin ma ba wajen hanya shike kallo ba."

Sufana ta tsaya a hannun Zailani. Duk tsawon watannin nan yana jinjina yana ganin ya sauke nauyi, ashe tsohon ko hannun ba ya gani.

"Ba ka ji komi ba tukuna," in ji Gide. "Dattawan nan sun gaji. Malam Almu ya taɓa ce mashi, Rabo, yaron ga naka ya hi ƙarhinka, boko ya cinye shi. Ka san amsar da ya ba shi? Ya ce ku ba ku san babur ba. Na Ɗanliti ba shi da ƙahwa, in ya sauka hwaɗuwa za shi yi, kayan aikin hukuma kau ba a wasa da su. Malam Almu ya ce, to a ƙohwar hakimi ƙahwa ke tsiro mashi? Wallahi sai da Baba ya yi kwanaki bai yi mashi magana ba. Kai ka ƙi shi, shi shina can shina hwaɗa da abokan zamanshi saboda kai."

Zailani yana kwance, ƙasa da man gyaɗa sun ɓata masa fuska. Kunya ta rufe shi. Daga bayan zana ya ji Saudatu tana jan hanci.

Can ya ce, da wata ƙaramar murya, "Idon fa? Yana gani har yanzu?"

"Rabona da shi tun kahin in tahi fatauci. Lokacin dai in ka kawo huskarka dab da tashi, wajen haske, shina gane ka. Ya ce sauran duniya kamar hayaƙi. Yanzu ban sani ba."

"Riƙe da kyau," in ji Zailani. "Saura sifirin."

Sifirin ɗin nan shi ne wuyar aikin. Yana da ƙugiya a kowane kai, ɗaya a maƙala a jikin babur, ɗaya a jikin ƙafar, kuma sai an ja shi ya miƙe kafin ya kai. Zailani ya maƙala kai ɗaya, ya kama ɗayan da filaya ya ja da iya ƙarfinsa. Saura ƙiris ya kai sai filaya ta zame, bayan hannunsa ya daki ƙarfe, fata ta saɓule.

Ya sake gwadawa. Ya zura igiyar rama a ƙugiyar ya naɗe a hannu ya ja, igiya ta tsinke. Yanzu sauri yake yi, sifirin kuwa ba ya jin sauri. Da ma tun rani ya zauna ya yi abin nan a natse.

"Ɗanliti, hannuna ya hwara sanyi," in ji Gide. "Ka yi a hankali ko ka yi da ƙarhi, amma ka zaɓi guda."

Zailani ya rufe ido ya yi salati. Sai ya tuna dabarar da Baturen ya nuna masa ranar da ya ba shi buhun. Ya kira Saudatu ya ce ta kawo masa kwabbai, ko nawa ke gare ta. Ta kwance bakin zanenta ta zube masa a tabarma.

Ya ciro sifirin ya lanƙwasa shi gefe, zobbansa suka buɗe, ya cusa kwabo a tsakani. Ya lanƙwasa ɗaya gefen ya cusa wani. Haka ya yi ta yi, ɗaya bayan ɗaya, jini yana ɗiga daga hannunsa, har sifirin ya ƙara tsawo da kansa. Ya koma ƙasa ya maƙala kai ɗaya, ya maƙala ɗayan ba tare da ja ba. Da ya tura ƙafar ƙasa sifirin ya buɗe, kwabban suka zubo masa a ƙirji.

Suka janye turmi. Zailani ya taka ƙafar da tasa ƙafa, ya kama babur ya ja shi baya. Babur ya hau kanta da wata 'yar ƙara, ya tsaya cak. Gide ya saki hannu a hankali. Babur bai motsa ba.

Duka aikin bai kai su azahar ba. Zailani ya tsaya yana kallon abin, ya ma fi jin zafin ƙanƙantar aikin fiye da ciwon hannunsa.

Ya wanke fuska sama-sama, ya zura riga. Saudatu ta miƙo masa takalminsa sau-ciki, ya girgiza kai ya sa fade. Ya ce wa Gide ya taho da jakunansa a hankali, ya tayar da babur ya kama hanyar Tafoki. Hanya duk taɓo ce, amma bai san sanda ya ratsa ta ba. Addu'a ɗaya yake ta maimaitawa, Allah ya sa da sauran gani.

Dattawa suna nan a gindin tsamiya. Tun daga nesa ya hango Baba Rabo ya tashi zaune yana gyara hula, daidai yadda Gide ya faɗa. Zailani ya rage gudu, ya kashe inji.

Wurin ya yi tsit. Ya sauko ya nemi wani faffaɗan dutse ya ɗora ƙafar a kai don kada ta nutse a yashi, ya kafe babur. Ya tuɓe takalmi tun daga bakin hanya, ya tako ya zube a gaban buzun tsohon, gwiwa biyu a ƙasa.

Baba Rabo yana ta juya kai. "Babur ɗin ya mutu ne? Na ji kukan ya ɗauke. Ku duba ko lahiya."

"Baba, ni ne. Ina wuni."

Tsohon ya motsa leɓensa. Sannan ya ce, "Ɗanliti?"

"Na'am, Baba."

"To wa ke riƙe da babur ɗin? Kada shi hwaɗi."

"Yana tsaye da kansa. Na ɗaura masa ƙafa."

Baba Rabo ya ce a kama shi ya tashi. Zailani ya riƙe hannunsa ya kai shi bakin hanya. Tsohon ya shafa tanki, ya shafa sirdi, ya sunkuya da ƙyar yana lalube har hannunsa ya sauka a kan ƙafar, man gyaɗa ya shafe masa yatsu. Sai ya miƙe ya juya wajen da yake jin numfashin abokansa, ya ɗaga murya.

"Almu! Kana nan? Zo ka taɓa. Na hwaɗa maku ƙahwa ce babu, kuka ce ƙarya nike. Ga shi yau da aka samo ta, ya tsaya ko bai tsaya ba?"

Malam Almu ya ce, "Ya tsaya, Rabo."

Zailani ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya matso kusa da kunnen tsohon ya ce, "Baba, ba samo ta aka yi ba. Tun ranar da na sayi babur ɗin tana..."

Baba Rabo ya matse masa hannu da ƙarfi. A hankali, yadda babu mai ji sai su biyu, ya ce, "Yi shiru. Ni na rene ka, na san ba ƙarhe ne ya hana ka ba. Amma ba a gaban mutane ba. Kai malami ne, gobe za ka tsaya gabansu."

Suka koma kan buzu. Tsohon ya ce, "Matso. Juyo wajen rana." Ya kama kan Zailani da hannu biyu ya jawo fuskarsa dab da tasa, har suna jin numfashin juna. Ya buɗe idanunsa iya buɗewa. Ya karkata shi dama, ya karkata shi hagu. Ya daɗe a haka, dattawa duk sun sunkuyar da kai.

Can ya sauke ajiyar zuciya. "A'a. Ganin ya tahi. Har Sallar da ta wuce da saura kaɗan."

Zailani ya fashe da kuka a gaban manoman da yake jin kunyar su gan shi a tsugune. Baba Rabo ya bi fuskarsa da yatsu, goshi, kumatu, haɓa, yana share masa hawaye da babban yatsa.

"Ashe gemu ka tara," in ji shi. "Ba wanda ya hwaɗa mani. Ku kawo mashi hura."

Daga ranar Zailani bai sake wuce tsamiyar nan a kan babur ba. Ya ɗauki tsohon har Kano wajen likitan ido, aka duba aka ce an makara. Baba Rabo ya ƙara 'yan shekaru a duniya, kullum yana jin kukan babur ya tsaya, yana jin takun ɗansa a yashi. Amma bai sake ganin fuskar Ɗanlitinsa ba har ya koma ga Allah.

Darasi: Uzurin da kake fakewa da shi don kada ka je wurin wanda ya rene ka, sau da yawa gyaransa bai wuce aikin safiya ɗaya ba, kai ne ba ka so a gyara. Iyaye za su rufa maka asiri, su ba ka uzuri a gaban mutane, su yafe maka tun kafin ka roƙa, amma idonsu da ƙarfinsu da kwanakinsu ba za su jira ka gama shirinka ba. In kana da tsoho ko tsohuwa da ke sauraron zuwanka, ka sauka ka durƙusa yau. Ku tura wa 'yan uwa da abokai wannan labari, wataƙila akwai wanda tasa ƙafar babur ɗin take kwance a ƙarƙashin gado har yanzu. Allah ya ji ƙan iyayenmu da suka rigaye mu, ya ba mu ikon kyautata wa waɗanda suke raye.